Tsuntsayen Ci-rani: Taƙaitaccen Tarihin Nazarin Ƙaurar Tsuntsaye a Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka gano ƙaurar tsuntsaye tsakanin Turai da ƙasar Hausa, tare da nuna aikin da wannan tarihi ya bar wa manazarta harshe.

2.0 Sanin Bahaushe

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya lura da zuwan tsuntsaye da tafiyarsu. Shamuwa ce babbar shaida. Takan sauka gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, manomi kuwa ya shiga sharar gona. Idan kaka ta yi sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba, lokacin da take haramar tafiya, wasu baƙin kan iso daga arewa, wato tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da tsattsewa da wasu ƙanana masu daɗin kuka. Waɗannan sun cancanci a kira su 'yan ci-rani, domin a nan suke cinye rani su koma, kamar yadda manomi kan gangara Fatakwal ko Anaca ko Inugu bayan girbi, ya dawo da faɗuwar ruwa.

3.0 Matakan Bincike

Turawa sun daɗe suna jayayya a kan inda tsuntsayensu ke shiga da hunturu. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashi irin na Afirka soke a wuyanta, abin da ya tabbatar da doguwar tafiyarta. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, domin duk inda aka kama su a san daga inda suka taso.

A Nijeriya an kafa ƙungiyar manazarta tsuntsaye a 1964, kuma mujallarta ce ta koma Malimbus a 1979. R. E. Sharland ya yi shekaru yana sa zobe a Kano. A 1967 C. H. Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsa suka auna tsuntsaye a Malamfatori, bakin Tafkin Cadi, suka nuna irin kitsen da suke tarawa ya zame musu guzurin ƙetare Sahara. A littafinsa na 1972, R. E. Moreau ya ƙiyasta cewa tsuntsu biliyan 5 ke shigowa Afirka kowace shekara.

Fari shi ya fito da muhimmancin yankin Sahel fili. Bayan ƙarancin ruwan 1968, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a Ingila a 1969. Haka kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗejiya da Nguru, inda ɗimbin baƙin nan ke sauka. An soma shirin kare fadamun a 1987.

4.0 Kammalawa

Masana sun ƙirga tsuntsayen, sun auna su, amma da sunayen Latin da Ingilishi suka rubuta su. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana sunaye irin su zalɓe da dinya da kirinjijiya da gauraka, sauran kuwa suna bakin masunta da maharba. Duk fadamar da ta ƙafe, tsuntsu zai daina sauka, sunansa kuma ya bi shi. Yaron da ya tashi a unguwar Mile One ta Fatakwal yana iya jin sunan shamuwa bai taɓa ganin sheƙarta ba. Saboda haka ya wajaba sassan harsunan Nijeriya su tattara sunayen nan da karin maganarsu, tun masu riƙe da su suna raye.