Daga Kwale-kwalen Ceto Zuwa Duwatsun Shere: Asalin Horon Man O' War



Duk wanda ya yi bautar ƙasa a Najeriya ba zai manta da ranar Man O' War a sansani ba. A sa ka haura katanga, ka yi lilo da igiya, ka bi ta ƙarƙashin waya da jan ciki, ka fito buɗu-buɗu da ƙura, a ɗauke ka hoto ka tura gida. Wanda bai je sansani ba ma ya saba ganin samarin nan masu kaki suna tsare ƙofa a wurin taro ko a jami'a. Sai dai kaɗan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi asalin sunan. A Turanci ma'anarsa jirgin ruwa na yaƙi. To me ya haɗa jirgin ruwa da duwatsun Jos, inda babbar makarantar wannan horo take, alhali tsakaninta da teku tafiyar yini ce cur a mota? Kafin a kai ga amsa sai an bi ta Jamus da Birtaniya da Kamaru.

Mafarin labarin wani malamin makaranta ne Bajamushe, Bayahude, mai suna Kurt Hahn, wanda aka haifa a Berlin a 1886. A 1920 ya buɗe makarantar kwana a Salem da ke kudancin Jamus, da goyon bayan Yarima Max na Baden. Damuwarsa ita ce zamani yana lalata matasa: jiki ya mutu saboda zama, an daina ƙirƙira saboda an koma 'yan kallo, an daina haƙurin koyon sana'ar hannu, uwa uba kuma tausayi ya ragu. Shekaru kusan ɗari ke nan da ya yi wannan kuka, tun babu wayar hannu, don haka iyayenmu na yau su kwantar da hankali, ba a kansu aka fara ba.

Mutumin ba a baki kawai yake da ƙarfin hali ba. A 1932 wasu 'yan bangar Nazi suka kashe wani lebura ɗan kwaminis a gaban mahaifiyarsa a ƙauyen Potempa, Hitler kuma ya fito fili ya mara wa makasan baya. Hahn ya rubuta wa tsofaffin ɗalibansa cewa kowa ya zaɓa, ko Salem ko Hitler. Da Hitler ya hau mulki a 1933 aka kama shi, sai da Firaministan Birtaniya Ramsay MacDonald ya sa baki aka sake shi. Ya yi hijira, a 1934 ya kafa makarantar Gordonstoun a arewacin Sikotland, inda Yarima Philip, wanda daga baya ya auri Sarauniya Elizabeth, ya kasance cikin ɗaliban farko-farko.

Abin lura a Gordonstoun ba wankan ruwan sanyi da gudun asuba ba ne, ko da yake su aka fi yayatawa. Abin lura shi ne yaran makarantar suna da aikin ceto na gaske. Akwai masu gadin gaɓar teku suna duba jiragen da suka shiga matsala, daga baya aka samu 'yan kwana-kwana da masu neman waɗanda suka ɓata a kan duwatsu. A ganin Hahn, saurayi yana da ƙishin kasada a jininsa, in ba a ba shi ta hanyar ceton rai ba, wani zai ba shi ta hanyar ɗaukar rai. Ya ga yadda 'yan Nazi suka yi da matasan Jamus da idonsa. Ku riƙe wannan, domin a kansa duk sauran labarin ya ginu.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen dakon kaya na Birtaniya a Tekun Atlantika, ma'aikatan da suka tsira su cunkushe a kwale-kwalen ceto, kwana da kwanaki cikin sanyi da ƙishirwa. Lawrence Holt, ɗaya daga cikin masu kamfanin jiragen Blue Funnel na Liverpool, shi ne ake ba da labarin ya lura da wani abin mamaki: samari majiya ƙarfi sun fi saurin mutuwa a kwale-kwalen nan fiye da dattawan da suka fara aiki tun zamanin jirgi mai tafiya da iska. A fahimtarsa, dattijon ya sha shiga uku ya fita, ya san cewa gajiya da tsoro ba su ne ajali ba. Yaron kuwa bai taɓa gwada kansa ba, da wuya ta kai wuya sai ya sallama.

Holt ya kawo kuɗi da jirage da ma'aikata, Hahn ya kawo tsari, wani malami mai suna Jim Hogan ya zama shugaban farko. A watan Oktoba na 1941 aka buɗe makaranta a Aberdovey, bakin teku a yankin Wales. Holt ne ya raɗa mata suna Outward Bound, kalmar da matuƙa ke amfani da ita ga jirgin da ya bar tasha ya nufi tsakiyar teku. Kwas ɗin na kimanin mako huɗu ne: tuƙa ƙaramin jirgi, motsa jiki, tafiyar ƙasa da taswira da kamfas a tsaunukan yankin, koyon ceto, da yi wa mutanen gari aiki. Holt ya nace cewa ba matuƙa ake son yayewa ba, teku hanya ce kawai ta koyar da yaro halin kansa. Shi ya sa tun farko aka gauraya yaran jiragen da 'yan koyon aiki a masana'antu da 'yan makaranta da masu shirin shiga aikin ɗan sanda.

Bayan yaƙi abin ya bazu da sauri. An buɗe makarantar hawan dutse a Eskdale a 1950, 'yan mata suka fara shiga a 1951. A 1956 aka ƙaddamar da lambar yabo ta Duke na Edinburgh, wadda John Hunt, jagoran tawagar da ta fara kaiwa ƙololuwar Everest a 1953, ya zama daraktanta na farko. Kenya ta samu tata a Loitokitok a gindin Kilimanjaro, Amurka ta buɗe a Colorado a 1962.

Namu rabon ya zo ne a 1951 ta hannun Alec Dickson, wani ma'aikacin mulkin mallaka da ya yi aikin wayar da kan jama'a a Gold Coast, wato Ghana ta yau. A lokacin Kudancin Kamaru yana ƙarƙashin rainon Birtaniya, ana gudanar da shi tare da Najeriya. Kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe, akwai wani lungun teku mai suna Man O' War Bay, sunan da ake dangantawa da jiragen yaƙin Ingila da suka riƙa ya da zango a wurin a zamanin farautar jiragen bayi. A nan Dickson ya kafa cibiyarsa. Ga teku a gaba, ga Dutsen Kamaru a baya, mai aman wuta, tsayinsa ya haura mita 4,000. Daga wannan lungu sunan da muke ji a sansani ya fito.

Waɗanda aka riƙa turawa matasa ne masu ɗan ilimin boko: malaman makaranta, akawuna, ma'aikatan En'e, daga Arewa da Gabas da Yamma. Ku kwatanta akawu daga Katsina ko Sakkwato, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi gulbi ba, an ce ya faɗa teku ya koyi iyo. A gindin dutsen nan ta yamma akwai Debundscha, inda ruwan sama na shekara guda yake kai kusan mita goma, abin da Katsina ba ta samu ko an tara mata na shekara goma. A saman dutsen kuma ga sanyin da ya fi na hunturu, ga ƙarancin iska.

Amma Dickson ya ɗan karkata akalar tsarin, kuma a ganina a nan ya nuna basira. Yaron Liverpool bai san wahala ba, shi ya sa aka kai shi ya ɗanɗana. Ɗan Najeriya na 1951 ya san wahala sarai, a cikinta ya tashi, ya yi noma, ya yi kiwo, ya ɗebo ruwa. Cutarsa daban ce: da ya samu takardar shaida ya sa farar riga, sai ya ɗauka ya yi bankwana da fartanya har abada, yana kallon mutanen ƙauyensu a matsayin jahilai. Saboda haka bayan iyo da hawan dutse, sai a kwashi ɗaliban a kai su ƙauyuka su yi aikin gayya tare da mutanen wurin, gina gada, gyaran hanya, share kasuwa. Malami da akawu su ɗauki kwandon ƙasa a ka, Bahaushe da Ibo da Bayarabe a tawaga guda, shekaru kaɗan kafin 'yancin kai. Matarsa Mora Dickson ta rubuta littafi kan wannan zama mai suna New Nigerians, kuma su biyun ne suka kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO a 1958.

Siyasa ce ta raba cibiyar da teku. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, ya zama Lardin Sardauna, Kudanci kuma ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru. Sai aka kwaso makarantar aka kawo ta Kurra Falls a tsaunukan Filato, inda tashar wutar lantarkin masu haƙar kuza take, daga baya ta koma duwatsun Shere a gefen Jos, masu tsayin kimanin mita 1,800. An kuma buɗe reshen ruwa a Apapa ta Legas. Da aka kafa shirin bautar ƙasa a 1973, horon ya samu ƙofar shiga rayuwar kusan duk wanda ya gama jami'a.

To a nan nake da magana. Tsarin Hahn yana da ƙafa huɗu: ƙarfin jiki, doguwar tafiya a daji ko dutse, aikin hannu da ake bi har a gama, da aikin ceto. Abin da mafi yawanmu muka gani a sansani ƙafa ɗaya ce, ita ma ta yini guda. Fareti da kaki da ihu sun fi sauƙin gadowa fiye da koyon yadda ake tsayar da jini ko fito da wanda ruwa ya ci. Ba ina cewa babu masu yin aikin yadda ya kamata ba, akwai su, kuma waɗanda suka yi cikakken kwas a Shere sukan ba da labari daban. Amma ƙasar da kwale-kwale ke kifewa da mutane kusan kowace damina a Neja da Kebbi da Sakkwato, wane amfani ya fi a samu matasan da suka iya iyo da farfaɗo da numfashi a kowane mashigi? Wannan shi ne ainihin abin da aka kafa makarantar Aberdovey dominsa.

Akwai kuma hatsari na biyu, wanda ya fi wancan muni: a ɗauka wahalar ita ce manufa, har a manta cewa dutse ba ya sanin ɗalibi ne ko gwani. Birtaniya ta koyi wannan da gawawwakin 'ya'yanta. Ranar Asabar 20 ga Nuwamba 1971, ɗalibai 14 daga wata sakandare a Edinburgh suka hau tudun Cairngorm a Sikotland, aka raba su gida biyu. Shirin shi ne in yanayi ya ɓaci, su fake a wata 'yar bukka da ke can saman tudun. Guguwar ƙanƙara ta taso. Rukunin farko, wanda malaminsu ke jagoranta, ya kai bukkar ya tsira. Rukuni na biyu, yara shida 'yan kimanin shekara 15, jagorarsu ɗaliba ce da ba ta wuce shekara 21 ba, mataimakiyarta kuma 18. Suka kasa gano bukkar cikin farin hazo, suka kwanta a wani kwari, inda iska ke tara ƙanƙara, alhali tsakaninsu da mafakar 'yan ɗaruruwan mitoci ne. Kwana biyu suka yi a wurin. Ranar Litinin jirgi mai saukar ungulu ya hango jagorar tana rarrafe tana neman agaji. Da masu ceto suka isa, yara biyar da mataimakiyar sun rasu, yaro ɗaya aka tono da rai.

Binciken da aka yi a 1972 bai ɗora wa mutum ɗaya laifi ba, amma ya nemi a riƙa yi wa iyaye cikakken bayanin inda za a kai 'ya'yansu, a kuma tsaurara horon jagorori. Muhawara ta ɓarke kan bukkar kanta. Wasu na cewa ta ceci rukunin farko. Wasu na cewa ba don an dogara da ita ba, da tun farko an juya an sauko. Masu magana ta biyu suka yi rinjaye, aka rushe ta a 1975.

Duk da haka doka ba ta zo ba sai da aka sake rasa rayuka. A Maris 1993 ɗalibai huɗu daga Plymouth suka mutu a Lyme Bay, a kudancin Ingila, bayan iska ta kora ƙananan kwale-kwalensu cikin teku, jagororinsu ba su da isasshen horo, ba su da abin kiran agaji. Wannan karon kotu ta ɗaure shugaban kamfanin da ya shirya tafiyar, ta kuma kama kamfanin kansa da laifin kisa ba da gangan ba. A 1995 majalisa ta yi dokar da ta wajabta lasisi ga duk mai karɓar kuɗi ya kai yara 'yan ƙasa da shekara 18 hawan dutse ko shiga kogo ko wasannin ruwa, aka fara aiki da ita a shekarar da ta biyo baya.

Yanzu da makarantunmu masu zaman kansu suka fara kwasar yara zuwa Kufena da Kwatarkwashi da madatsun ruwa da sunan yawon buɗe ido, akwai tambayoyin da uba ko uwa ke da haƙƙin yi kafin su sa hannu a takarda: wa zai jagoranci tafiyar, wane horo yake da shi, yara nawa ne a hannun kowane babba, akwai wanda ya iya iyo da agajin gaggawa, kuma wa ke da ikon cewa a juya in hadari ya haɗu. Wanda ya taɓa yin cikakken kwas a Shere ko Apapa, don Allah ya ba mu labarin abin da aka koya masa, musamman ɓangaren ceto.