Jaki, Kare da Kuntigi: Dabbobin Gida a Waƙoƙin Raha na Dilimi

Manazarta waƙar baka sun daɗe da rarraba mana makaɗan Hausa gida-gida: na fada, na jama'a, na sana'a da kuma na ban dariya. Wannan rabo ya yi amfani, da shi muke koyar da ɗalibai har gobe. Sai dai akwai wani nau'in waƙa da bai sami gurbi a cikinsa ba, domin masu yin sa ba makaɗa ba ne. Masu sauraro ne, waɗanda kan ɗauki karin waƙar wani fitaccen mawaƙi, su tuɓe mata kalmominta, su ɗora nasu, sau da yawa a kan wata dabba da suke ƙauna ko suke fama da ita. Wannan maƙala za ta bi sawun irin waɗannan waƙoƙi a Dilimi da ke cikin garin Jos, inda muka taso muka iske su.

Kafin Dilimi ta zama sunan titi da unguwa, sunan kogi ne, kuma kogin kuza ne ya jawo masa mutane. Tun kafin zuwan Turawa, Hausawa na wanke kuza a rafukan wannan yanki, ana narka ta a wurare irin su Liruwen Dalma, fatake su bazu da ita kasuwanni. A farkon ƙarni na 20 wakilan kamfanin Neja suka bi wannan fatauci har tushensa, suka yada zango a Naraguta, daga nan kamfanonin haƙar ma'adinai suka yi ta kwararowa. Leburori suka biyo su daga Kano, Zazzau, Bauci, Katsina da Barno. Ƙaramin jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya ya iso a 1914, babban layin dogo na gabas kuma a 1927. Jos ta tashi a matsayin garin baƙi, kamar yadda sunan littafin Leonard Plotnicov na 1967 ya nuna.

Baƙon da ya baro iyalinsa a gida ba ya rasa abin da zai yi wa magana. Ga mafi yawan talakawan wancan zamani, wannan abokin hira jaki ne. Kafin jirgi, a kan mutane da bayan jakuna ake ɗaukar kaya. Bayan zuwan jirgin ma jaki bai huta ba, shi ke shigo da hatsi da itace da kanwa, shi ke kwasar yashi daga bakin kogi a mangala. Mai jaki ya san jakinsa da launinsa, ko aura ne, ko goho, ko duna, ya san ranar da yake jin aiki da ranar da taurin kai ya motsa masa.

A nan ne waƙar ta samo asali, kuma dabararta guda ce: a ɗauki rigar sarki a sa wa jaki. Makaɗin fada yana ambaton asalin ubangidansa, ya jero kakanninsa, ya tuna yaƙoƙin da suka ci, ya yi wa abokan gabarsa zambo. Mai jaki sai ya bi wannan tsari daki-daki, da karin da kowa ya sani. Ya kawo nasabar jakin har zuwa kakarsa da aka saya a wata kasuwar ƙauye, ya mayar da ƙwaryar dusa garin da aka ci da yaƙi, ya mayar da jakin maƙwabci ɗan sarkin da ya nemi gadon sarauta ya rasa. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin nauyin kari da ƙanƙantar wanda ake yi wa shi. Wanda bai san waƙar asali ba, ba zai ji daɗin kwaikwayon ba. Don haka muke ganin masu wannan raha su ne masoyan makaɗan na haƙiƙa, domin sai ka haddace waƙa ciki da bai kafin ka iya juya ta.

Ba su suka ƙirƙiro dabarar ba. 'Yan kama sun riga su, su da ke ɗaukar waƙoƙin manya da salon karatun malamai su mayar kan tuwo da miya, kamar yadda C. G. B. Gidley ya bayyana a nazarinsa na 'yankamanci a 1967. Bambancin shi ne ɗan kama sana'a yake yi, yana jiran kyauta. Mai jaki ba ya jiran kowa. Kuma a fahimtarmu, ba raha kaɗai yake yi ba. Dattawan da muka zauna da su kan ce a wurin da lebura ba shi da bakin da zai mayar wa helima magana, jakinsa yake zagi da ƙarfi, kowa kuma ya gane inda habaicin ya dosa. Idan muka tuna aikin tilas na 1942 zuwa 1944, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa kuzarta ta can, aka tattaro dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa ramukan Filato, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta, za mu gane dalilin da zai sa mutum ya ga kansa a jikin dabbar da ake ɗora wa kaya ba a tambaye ta ba.

Kare kuwa labarinsa daban ne. Bahaushe ya zo da ra'ayi biyu game da shi: karen farauta yana da suna da kirari, karen gari kuma sai jifa. A kan tsaunin ya tarar da al'ummomin da suka fi shi daraja kare nesa ba kusa ba, kamar yadda ya tarar da ƙananan dawakin da Birom ke hawa ba sirdi, shi da ya saba da akawal da kili cikin jalala. Wannan bambanci ya zama abin tsokana tsakanin maƙwabta, kowa na yi wa dabbar ɗan'uwansa waƙa, kowa na ramawa. Wasa ne irin na taubasai, kuma wasan taubasai ba ya yiwuwa sai tsakanin mutanen da suka amince da juna.

Da babbar mota ta karɓe aikin jaki, aka rufe ƙaramin layin dogon Zariya a 1957, Dilimi ta rikiɗe sannu a hankali ta zama matattarar makanikai da masu sayar da kayan gyaran mota. Abin lura shi ne sunan dabba bai ɓace ba, komawa ya yi kan mutum. Yaron da ke bin direba, ya sa waigi, ya kwana a ƙarƙashin mota, shi aka kira karen mota. Kuma daga wannan ƙasa aka sami mawaƙin da ya ɗauke shi da muhimmanci, wato Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukur a 1946, ya rasu a Jos a watan Yunin 2015. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukur ne, amma shi da ya tashi sai ya riƙi kuntigi, ɗan gwangwani da fatar akuya da tsirkiya guda, ya juya ga talaka. Waƙarsa ta Karen Mota ta yi abin da masu jakuna suka daɗe suna yi a bakin kogi, ta ba wanda aka raina matsayin wanda ake yi wa waƙa. Ba mu ce daga wurinsu ya koya ba. Abin da muke cewa shi ne kunnuwan da suka karɓe shi sun riga sun saba.

Sannan abin ya juyo kansa. Karin kuntigi gajere ne, mai saurin kamawa, don haka yaran gareji suka mayar da shi nasu. Mun sha jin su a ƙarshen shekarun 1980 suna buga galan ɗin mai, suna yi wa wani jan kare da ke gadin garejinsu waƙa da karin Ɗanmaraya, suna yabon yadda yake yi wa mai bin bashi haushi ya kyale mai kawo abinci. Masu kiwon tattabaru na da tasu, ta zambo ga shirwa da kyanwar maƙwabta. Mata na yi wa akuyar da ta ci musu shanya tasu a bakin turmi. Ragon layya ma, wanda yara kan shaƙu da shi wata da watanni, yana samun tasa, rabinta dariya rabinta ban kwana. Dabbobin dawa ba su cika shiga ba, ko da yake gidan namun daji na kusa da gidan tarihin Jos yana nan, gardawa kuma na wucewa da kura da biri. Zaki da kura na tatsuniya ne, ana kallon su daga nesa. Wanda ake yi wa waƙa shi ne wanda ake ci da sha tare.

Laifinmu ne, mu manazarta, da ba mu naɗi waɗannan waƙoƙi ba. Mun bi makaɗan fada da na'urar ɗaukar magana har ɗakunansu, muka tsallake mai jaki a ƙofar gida domin ba shi da suna, ba shi da 'yan amshi. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010 suka raba unguwannin Jos, babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, maƙwabtan da ke tsokanar juna da waƙar kare da doki suka koma kowa gefensa. Waƙar da ba a rubuta ba tana rayuwa ne a bakin masu zama tare.

A ziyararmu ta baya-bayan nan mun nemi wani tsoho da ya yi shekaru yana kwasar yashi a kogin, muka roƙe shi ya rera mana waƙar jakinsa. Ya fara karin da hanci, ya kawo ɗa biyu, ya tsaya. Ya ce sauran abokinsa ne ke karɓa masa, shi kuwa tun rikicin 2008 ya ƙaura, bai sake ganin sa ba.