Ɗaurin peptid: Yadda jiki ke ƙulla furotin, da asalin cutar sikila

Tun daga shekarar 2024, doka ta wajabta wa masu shirin aure a jihar Kano, daga Soron Ɗinki har zuwa ƙauyuka, yin gwajin jini kafin ɗaurin aure.

Daga cikin abubuwan da ake dubawa akwai cutar amosanin jini, wato sikila, wadda tushenta ke cikin yadda jiki ke ƙulla furotin.

Yadda ake ƙullin

Jikin ɗan Adam na gina furotin ne da wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid.

Kowannensu na da hannu biyu: na amino, mai ɗauke da naitirojin, da kuma na kaboksil.

Idan biyu suka haɗu, hannun kaboksil na ɗaya kan kama hannun amino na ɗayan, a fitar da ƙwayar ruwa guda.

Wannan mahaɗi tsakanin kabon da naitirojin shi ne ɗaurin peptid, wanda masanan Jamus Emil Fischer da Franz Hofmeister suka bayyana a 1902.

Haka za a yi ta ƙari ɗaya bayan ɗaya, bisa tsarin da mutum ya gada daga iyayensa, har a samu doguwar sarƙa mai suna polipeptid. Daga nan sarƙar ta naɗe, ta zama furotin.

Inda sikila ta samo asali

Himoglobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin cikin jini, sarƙoƙi huɗu ne: biyu na alfa masu amino asid 141 kowacce, biyu na beta masu 146.

A 1957 ne Vernon Ingram ya nuna, a Ingila, cewa a jinin mai sikila amino asid guda ne kawai ya sauya a sarƙar beta. A gurbi na shida, balin ya maye gurbin gulutamik asid.

Ɗaurin kansa lafiya lau yake. To amma wannan sauyi kan sa himoglobin ya manne da juna idan oksijin ya yi ƙaranci, jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi.

Shi ya sa likitoci ke jan hankalin masu AS: idan suka auri juna, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta zuwa da ɗa mai SS.