Kabejin Tsibirin Lundi da Baƙon da Ya So Cinye Masa Gida

A mashigin ruwan Biristol, kimanin kilomita 19 daga gaɓar Debon ta Ingila, akwai tsibirin Lundi, wanda tsawonsa bai wuce kilomita 5 ba. A gangaren gabashinsa kaɗai, duk faɗin duniya, tsiron nan Coincya wrightii ke fitowa da kansa. Sai a 1936 masanin tsirrai O. E. Schulz ya bayyana shi a matsayin jinsi na daban, ya raɗa masa sunan Elliston Wright, likitan da ya ja hankalin masana zuwa gare shi.

Ana ce masa kabeji don danginsu ɗaya, amma ba ya dunƙulewa. Karansa kan kai mita guda. A watannin Mayu da Yuni yakan yi fure rawaya mai fiffike huɗu a giciye, sannan ya fitar da kwanso dogo siriri cike da iri. Ba ya daɗewa a raye, kuma ba ya iya kokawa da ciyawa mai kauri. Irinsa ya fi kamawa inda gangare ya zaftare, ƙasa ta fito tsirara.

Daga nan nake ganin kuskuren masu cewa kare tsiro shi ne a kewaye shi a ƙyale. Gaskiya ne zomaye da awaki da tumaki suna cinsa, amma babban maƙiyinsa mutum ne ya kawo shi da hannunsa: Rhododendron ponticum, wanda aka shuka don ado a ƙarni na 19. Kyan ɗan maciji ke nan. Ya bazu a gangaren, inuwarsa ta hana komai tsira a ƙarƙashinsa, har sai da ma'aikata da 'yan sa-kai suka shafe shekaru suna saransa, wasu ma a rataye da igiya a jikin dutse, teku na ƙugi a ƙasansu.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa a kan tsiron da ba a miya da shi. To, akwai ɗan ƙwaro mai tsalle, Psylliodes luridipennis, da ba shi da abinci sai wannan kabeji, ba shi da mazauni sai Lundi. Ranar da tsiron ya ƙare, shi ma ya ƙare. Saboda haka tuge duk wani sabon tohon baƙon nan, wato Rhododendron, kowace shekara wajibi ne a kan masu kula da tsibirin.