Manja, Doya da Kuɗin Makaranta: Tarihin Yadda Maƙwabtanmu Suka Kai 'Ya'yansu Makarantun Katolika

 

A wannan karo ina so ne mu ɗan waiwayi tarihin mutanen da muke zaune a cikinsu. Duk wanda ya daɗe a Anacha ko Inugu ko Owerri ya san yadda Ibo suke ji da makarantun mishan, musamman na ɗarikar Katolika. Mu dai abin da muke gani shi ne sakamako: likitoci da lauyoyi da alƙalai da manyan ma'aikata. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, wa ya biya kuɗin wannan karatu, kuma da me ya biya? Domin kuwa iyayen da suka fara wannan aiki manoman doya ne da masu hawan kwakwa, yawancinsu ko baƙi ɗaya ba su sani ba. Ni a nan gabas na tashi, na kuma zauna da tsofaffinsu a kasuwa da unguwa, don haka zan haɗa abin da na ji daga bakinsu da abin da tarihi ya tabbatar.

Zuwan 'yan Katolika Anacha

A watan Disamba na shekarar 1885 ne wani limamin Katolika daga Faransa mai suna Fada Joseph Lutz ya iso Anacha tare da abokan tafiyarsa. Sun tarar 'yan ɗarikar Angilika sun riga su, domin su tun 1857 suka kafa sansani a garin. Sarkin Anacha na lokacin ya ba su fili a bakin kogi, inda babban cocin Holy Trinity yake a yau. Da farko hanyar da suka bi ita ce fansar bayi da ɗaukar marayu da waɗanda jama'a suka yi watsi da su, su tara su a ƙauye guda suna koya musu addini da sana'a. Wannan hanya ba ta kai su nesa ba, saboda masu gari sun ɗauki mishan a matsayin wurin marasa galihu, ɗan gidan mutunci ba ya zuwa.

Al'amarin ya sauya ne a zamanin Fada Joseph Shanahan, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya zo a 1902, ya karɓi shugabancin mishan ɗin a 1905, aka kuma naɗa shi Bishop a 1920. Shi ya ɗora a kan abin da magabacinsa Fada Lejeune ya fara, wato mayar da hankali kacokan ga makaranta. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsoho ba zai bar abin da ya gada ba, amma in aka sami yaro a aji, an sami gobe. Sai ya riƙa bin ƙauyuka a ƙafa da keke yana yi wa dattawa tayin makaranta. Sharaɗin kuwa, ku ne za ku ba da fili, ku gina ɗakin karatu, ku gina wa malami gida, sannan ku biya shi albashi.

Me ya sa iyaye suka yarda?

Mai karatu zai iya tambaya, me zai sa mutumin da ke bin addinin gargajiya ya ɗauki ɗansa ya miƙa wa baƙon da ya zo rushe wannan addini? Amsar tana cikin halin da Turawan mulki suka jefa ƙasar. A wancan zamani duk wanda ya iya Turanci shi ke da iko. Akawun kotu da tafinta da masinja su ne tsakanin talaka da Bature. In tafinta ya juya maganarka, gonarka ta tafi, ko ka kwana a gidan yari. Dattawa suka lura cewa garin da ba shi da ɗa mai jin Turanci kullum shi ne a ƙasa wurin shari'ar iyaka da maƙwabta. 'Yan Katolika kuma suka fahimci wannan ƙishirwa, suka riƙa koyar da Turanci tun daga ƙananan azuzuwa, a lokacin da 'yan Angilika suka fi ba harshen Ibo muhimmanci a matakin farko. Ga kuma gasa tsakanin ƙauyuka: in wancan gari ya karɓi malamin Angilika, to wannan sai ya aika a kira Fada.

Da fari ma wasu masu hali ba su ba da 'ya'yan cikinsu ba, sai suka tura bayi da barori don su gwada. Da suka ga waɗannan yara sun dawo da farar riga da albashi, har ana tashi tsaye in sun shigo, ai ba a sake roƙon kowa ba.

Da me aka biya?

Nan ne gundarin labarin. Kuɗin firamare ba shi da yawa in aka ƙidaya da sule da kwabo, amma ga manomin da ba ya ganin kuɗi sai ya sayar da manja, babban nauyi ne. Ga kuɗin makaranta, ga littafi da allo, ga kayan makaranta, ga gudummawar coci. A kan wannan kuma aka ɗora harajin kai a 1928, sannan farashin manja da ƙwarar kwakwa ya faɗi warwas a shekarar 1929 da waɗanda suka biyo baya. A wannan matsi ne matan yankin Aba suka yi boren nan na 1929. Duk da haka makarantu ba su daina cika ba.

Hanyoyin da iyaye suka bi suna da yawa. Uwa za ta kwana tana fasa ƙwarar kwakwa da dutse, ta tara kwano-kwano ta kai kasuwa, kuɗin ya tafi hannun hedimasta. Uba zai sayar da doyar da ya ajiye don iri, ko akuya, ko ya jinginar da gonarsa ko itatuwan kwakwarsa ga mai kuɗi, da sharaɗin sai ya biya zai karɓa. Wata gonar ba ta dawo ba sai da yaron ya gama karatu ya fara aiki, wata kuma ta tafi ke nan. Akwai adashi, wanda su suke kira isusu, inda mutum yake roƙon a ba shi ɗauka a watan da za a koma makaranta. Yaron da iyayensa ba su da komai sai a ba malami shi ya zama yaron gida, ya yi shara da ɗiban ruwa da girki, a maimakon abinci da wurin kwana da karatu.

Abin da ya fi burge ni shi ne na gayya. A garuruwa da yawa dattawa kan kafa doka cewa daga rana kaza zuwa rana kaza babu mai taɓa kwakwarsa. In ranar ta cika, samari su hau su sare nunannun kawuna gaba ɗaya, mata su dafa su tace manja, a sayar, a zuba kuɗin a asusun gari. Da wannan ake gina azuzuwa, a sauya jinka da kwanon rufi, a biya malamai. Daga baya ƙungiyoyin 'yan gari da ke zaune a Legas da Fatakwal da Kano da Jos suka riƙa aiko da nasu kason. In yaro ya yi fice a jarrabawa, sai dangi ko gari su ɗauki nauyinsa, bisa fahimtar cewa in ya kama aiki shi ma zai ja na bayansa.

Nauyin ya ƙaru da aka fara buɗe kwalejoji. An buɗe kwalejin horar da malamai ta St. Charles a Anacha a 1928. Bishop Charles Heerey ya kafa Christ the King College, wadda kowa ya sani da CKC, a 1933. Aka buɗe College of the Immaculate Conception a Inugu a 1940, sai ta 'yan mata, Queen of the Rosary, a 1942. Waɗannan makarantun kwana ne, kuɗinsu da fam ake lissafawa. Gidan da ke da 'ya'ya shida, da wuya a iya kai fiye da ɗaya. Sai a zauna a zaɓa, sauran su haƙura su tafi gona ko koyon kasuwanci.

Hasarar da ba ta kuɗi ba

In za mu faɗi tarihi mu faɗe shi duka. Waɗanda suka fi ɗaukar wannan nauyi 'ya'ya mata ne. Sau da yawa ana cire yarinya daga aji a yi mata aure, kuɗin aurenta ya zama kuɗin makarantar ɗan'uwanta. Wata tsohuwa da muka yi maƙwabtaka da ita, mai sayar da garin rogo, ta sha ba mu labarin cewa ta fi ƙanenta ƙoƙari a aji, amma shi aka zaɓa. Tana faɗa tana dariya, amma ka san abin bai bar zuciyarta ba. Shanahan ya kafa ƙungiyar mata masu hidimar coci ta Holy Rosary a Ailan a 1924 domin ilimin 'ya'ya mata, amma an daɗe kafin iyaye su daidaita tsakanin ɗa da 'ya.

Sannan akwai addini. Uban da ya kai ɗansa makarantar Fada ya san akwai yiwuwar yaron ya dawo da sabon suna, ya ƙi cin naman da aka yanka wa kakanni, ya ƙi gadon wurin bautar gidansu. Misali sananne shi ne Michael Tansi, haifaffen Aguleri a 1903. Iyayensa masu addinin gargajiya ne, suka tura shi makarantar mishan, aka yi masa baftisma, ya zama malami, sannan ya zama Fada a 1937. Shi ne kuma ya yi wa wani yaro ɗan Eziowelle baftisma yana da shekara tara, wato Francis Arinze, wanda shi ma iyayensa a lokacin masu addinin gargajiya ne. Arinze ya zama babban Bishop na Anacha a 1967, ya zama Kadinal a 1985. A idon coci wannan nasara ce. A idon dattijon da ya rasa mai gadon al'adarsa kuwa, farashi ne da ya biya yana sane.

Wannan tsoro shi ne ya hana iyayenmu na zango sakin jiki da makarantun mishan, kuma ba a ce ba su da hujja ba. Musulmin Legas sun fuskanci irin wannan matsala, sai suka kafa ƙungiyar Ansar-Ud-Deen a 1923, suka gina makarantun boko nasu inda yaro zai yi karatu addininsa na nan daram. Mu a zangunan gabas ba mu yi irin wannan yunƙuri da wuri ba. Fataucin shanu da goro ya ishe mu, muna ganin zaman na ɗan lokaci ne, gobe za a koma gida. Ga shi wasunmu har jikoki sun haifa a nan.

Gwamnati ta shigo

A 1955 gwamnatin Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma. Gwamnatin Azikiwe ta bi sahu a Jihar Gabas a 1957. Shugabannin Katolika suka ja da tsarin, domin suna ganin an shirya shi ne don a rage wa mishan ƙarfi a fifita makarantun ƙananan hukumomi. Yara suka yi ambaliya, kuɗin gwamnati ya kasa, a 1958 aka dawo da biyan kuɗi a yawancin azuzuwa, mata suka sake fitowa zanga-zanga a garuruwa da dama. Nauyi ya koma inda ya saba, wato wuyan iyaye.

Sai yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya rufe makarantu, ya rushe da yawa. Da aka gama, gwamnatin tarayya ta kori limaman Katolika baƙi da suka zauna a ɓangaren Biyafara, yawancinsu 'yan Ailan. A wannan shekara ta 1970 kantoman Jihar Gabas ta Tsakiya, Ukpabi Asika, ya kafa dokar da ta ƙwace dukkan makarantun mishan ta mayar da su hannun gwamnati. Mutanen da suka fito daga daji, da yawansu fam 20 kacal aka ba su daga ajiyarsu ta banki, su ne suka sake yin karo-karo suna rufa azuzuwa, yara na ɗauko kujera daga gida a ka.

An shafe shekaru ana jayayya a kan wannan ƙwace. Jihar Legas ta mayar da wasu makarantu ga masu su a 2001. A Anambra, gwamna Peter Obi, wanda shi ma tsohon ɗalibin CKC ne, ya mayar da makarantun firamare sama da 1,000 ga coci-coci a 2011. Sai dai wani kuka da nake yawan ji a bakin maƙwabta shi ne, manyan makarantun mishan na kwana sun yi tsadar da jikan wanda ya ɗauki ƙasa a ka ya gina su ba ya iya shiga. Har yanzu akwai uwar da ke cin bashi a kasuwa duk farkon zangon karatu saboda wannan.

Abin da ya rage mana

Ban kawo wannan tarihi don in ce kowa ya ɗauki ɗansa ya kai makarantar coci ba. Wannan shawara ce ta kowane uba da iyalinsa, kuma wanda ya ji tsoron addinin ɗansa yana da gaskiyarsa. Abin da nake so mu duba shi ne yadda aka yi aikin. Mutanen nan ba su jira sai sun yi arziki ba, ba su kuma jira gwamnati ba. Sun mayar da karatun yaro ɗaya lamarin gari duka.

Mu ma muna da abin da ya fi kwakwar manja. Ku duba yawan shanun da ake saukewa a kara kowane mako, da motocin albasa da tumatir da wake, da 'yan canji. Muna da Sarkin Hausawa a kusan kowane gari, muna da shugabannin kasuwa, muna karɓar kuɗin ƙungiya. In aka ware wani abu kaɗan a kan kowace saniya da kowace mota, aka damƙa wa amintattu masu rubuta shiga da fita, zai biya malamai a makarantar da ta haɗa allo da boko, ya kuma ɗauki nauyin yaran da suka yi fice, maza da mata. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaranmu da ke tura baro da talla a bakin kasuwa, a nan aka haife su, kuma a nan za su nemi aiki da haƙƙinsu, tare da jikokin waɗancan manoman doya.

Ina roƙon dattawanmu da suka ga wannan zamani, musamman waɗanda suka zauna a gabas kafin yaƙi, su taimaka mana da abin da suka sani, domin tarihin zangunanmu yana bin tsofaffi zuwa kabari ba a rubuta ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.