Kyau, Kwarjini da Son Zuciya a Tunanin Ƙasar Magarya da Dungas

Tunani a kan kyau, da abin da ke cika ido ya sa jiki ya yi sanyi, da yadda zuciya ke jan mutum, tsoho ne a kudancin Damagaram. Tarihinsa a warwatse yake cikin karin magana da littattafan zaure da al'adun fada, shi ya sa aka tattara shi a nan.

A gargajiyance, ba a yarda da kyan fuska sai ya zo da hali. Abin da ya yi kyau amma yake cutarwa, kyan ɗan maciji ake ce masa. Game da kwaɗayi kuma hukuncin gajere ne: son zuciya ɓacin zuciya.

Ƙarni na 19 ne ya fi muhimmanci. Bayan jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, Daura ta faɗa hannun masu jihadi, zuriyar sarakunanta na Haɓe suka watsu zuwa Zango da Baure da Magarya. Dungas kuwa tana cikin ƙasashen Sosebaki, waɗanda Damagaram ta mamaye. Yankin ya zauna a bakin iyakar daular Sakkwato, ra'ayi biyu suka yi ta gogayya a cikinsa.

Na farko na malamai ne. Tushensa Ihya'u Ulumiddin na Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, inda ya ware rubu'i guda ga halayen da ke halaka mutum: fushi, hassada, riya, girman kai, son duniya. Sufaye suka raba siffofin Allah zuwa jamali, mai jawo ƙauna, da jalali, mai sa tsoro da girmamawa. A wannan ma'auni, girma na gaskiya na Allah ne shi kaɗai. Shehu ya soki shagalin sarakunan Hausa a Kitabul Farƙi, ƙanensa Abdullahi kuma ya koka a Tazyinul Waraƙati, na 1813, kan yadda wasu 'yan jihadin kansu suka koma son tufafi da dawaki da mulki.

Na biyu na fada ne, inda ake ganin sarauta ba ta tsayuwa sai da kwarjini. Tambari da kakaki da algaita, rawani da alkyabba, kirarin maroƙa da hawan sallah, duk aikinsu su sa talaka ya ji girman sarki tun kafin ya buɗe baki. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya kai wannan ra'ayi ƙololuwa da ganuwar Zinder da igwogin da aka ƙera masa.

A Turai, Edmund Burke ya bambanta kyau da girma mai ban tsoro a littafinsa na 1757, amma ta hanyar ji da gani ya bi. Malaman nan ta tarbiyyar zuciya suka bi.

Faransawa sun kama Zinder a 1899, ƙarfin fada ya ragu, karatun zaure ya ci gaba. A 1974 wani manazarci, Kirk-Greene, ya buga nazarinsa kan mutumin kirki, ya lissafa halaye 10, ciki har da haƙuri da kunya da hankali da mutunci. Babu kyan jiki a jerin, babu kwarjini. Wannan ya nuna cewa a wurin jama'a ma'aunin hali ne ya yi rinjaye.