Inuwar Aro: Tarihin Icce da Ruwa a Arlit

Na fara aikin koyarwa a Arlit a watan Oktoba na 1982, ina saurayi ɗan ƙasar Tasawa wanda bai taɓa wuce Tawa ba. Daga Agadas zuwa Arlit tafiyar kusan kilomita 240 ce a kan hanyar yuraniyom, wadda a lokacin ba ta daɗe da samun kwalta ba. Tun da muka bar Agadas idona ke neman gawo ko kuka, ban ga ko ɗaya ba, sai fako da duwatsu da ƴan gajerun itatuwa masu ƙaya a bakin ƙoramu. Da muka shigo gari da la'asar sai na ga abin da ban zata ba. A unguwar ma'aikatan kamfani, wadda ake kira site, ga dogon yaro a jere, ga furanni sun haye katanga, ga wani mutum riƙe da tiyo yana shayar da ciyawa. Na ce a raina, ashe hamada ma ana iya mayar da ita Maraɗi. Sai da na shekara da yawa a garin kafin na gane cewa wannan inuwa ta aro ce.

Arlit gari ne da bai girmi wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu ba. Masu binciken ma'adinai na Faransa sun fara gano yuraniyom a yankin Agadas a 1957, a Azelik. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka soma gina gari, a 1971 aka fara fitar da ma'adinin. A 1974 aka kafa kamfani na biyu, COMINAK, wanda ya haƙa rami a ƙarƙashin ƙasa a Akuta, ya fara aiki a 1978, ya kuma gina wa ma'aikatansa Akokan. Kafin duk wannan, wurin makiyaya ce ta Abzinawa, suna bi da raƙuma da awaki idan an dace da ɗan ruwan sama. Ruwan da ke sauka a Arlit a shekara yawanci bai kai milimita 100 ba, wata shekarar ma da ƙyar ake jin ƙamshin ƙasa. Maraɗi kuwa takan samu wajen milimita 500.

To ina aka samo ruwan tiyo? Daga ƙarƙashin ƙasa, cikin duwatsun da suka riƙe shi tun shekaru dubbai, irin shimfiɗar da masana ke kira Tarat. Duk malamin da ya taɓa kai ɗalibai Dabus, a hanyar Agadas, ya ga zanen raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse, babban ya haura mita 5. Raƙumin dawa ba ya zama inda ba ganye. Ruwan da muke sha a Arlit ajiyar irin wancan zamani ce, lokacin da wannan ƙasa take da damina ta ƙwarai. Abin da sama ke zubarwa yanzu bai isa ya mayar da abin da ake ɗiba ba. Rumbu ne da kakanni suka cika, mu kuwa ɗiba kawai muke yi.

Kamfanonin sun haƙa rijiyoyi masu zurfi, wutar da ke jan ruwan kuma daga baya ta riƙa zuwa daga tashar kwal ta SONICHAR da ke kusa da Cirozerin. Da ruwan aka wanke ma'adini, aka kwantar da ƙura, aka shayar da site. Ma'aikaci yana da gida da famfo da wuta da asibiti ba tare da ya biya ba, manyan ma'aikata har da wurin ninƙaya. Shi ya sa aka yi wa garin laƙabi da ƙaramin Faris, har Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa na 2005 suna da ke nufin Arlit, Faris ta biyu. A gefen gari kuma garake suka bunƙasa, ana noman tumatir da albasa da salati, wasu da ruwan da ya fito daga magudanan site.

Wannan rabin labarin ne. Fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun ƙarar da dabbobin makiyaya, suka koro su bakin gari. Daga kudu kuma masu neman aiki suna ta kwararowa. Aka yi unguwanni na bukkoki, har sunan Bukoki ya bi wasunsu. A nan babu tiyo, sai layin jarka a bakin famfo. Kowane gida kuma yana bukatar itacen girki. Na ga lokacin da masu jakuna ke fita da safe su dawo da icce kafin azahar, na kuma ga lokacin da sai mota ta yi nisa kafin a samu. Wato a daidai shekarun da muke shayar da baƙin itatuwa a cikin gari, muna sare ƴan ƙasa a wajensa: kandili, wanda Abzinawa ke kira afagag, da tamat, da aduwa, da jiga. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum dubu 80 a gundumar Arlit, a wurin da a 1965 ba gida ko ɗaya.

Ni ma na sa hannu a wannan kuskure, kuma a farfajiyar lakwal na yi shi. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce a Nijar baya ga bikin samun ƴancin kai. A kudu wannan dabara ce mai kyau, don Agusta tsakiyar damina ce, ka dasa yau sama ta shayar maka gobe. A Arlit kuwa Agusta zafi ne da iska mai ƙura, ga shi yara suna hutu. Duk da haka wata shekara na tara yaran da ba su yi tafiya ba, muka dasa dogon yaro da turare layi biyu, kowane yaro da iccensa da gwangwaninsa. Aka yi jawabi, aka tafa. Kullum da safe yaro ya yayyafa gwangwani guda, saman ƙasa ya jiƙe, kafin hantsi ya bushe. Da aka koma karatu a Oktoba rabi sun mutu. Sauran suka lallaɓa har watan Mayu, sai famfon unguwa ya tsaya kwanaki, iyaye suka ce, da gaskiyarsu, ruwan da bai ishi tukunya ba ba za a kai wa icce ba.

Gardin lakwal ɗinmu wani dattijo ne Ba'abzine wanda farin 1984 ya raba da raƙumansa. Bai ce mini komai ba ranar dashe. Sai da ya ga ina tuge busassun ya ce, "Mushe, waɗannan baƙi ne. Baƙo kuwa kullum sai an kai masa ruwa har ɗaki."

Na ce, "To Baba, ɗan gida fa?"

Ya ja ni bayan aji, ya nuna mini wani ɗan tsiro da bai kai gwiwa ba, kewaye da ƙaya da duwatsu. Ƙwallon aduwa ne ya jiƙa kwana biyu ya binne a inda yake so iccen ya tsaya, bai raine shi a leda ba. A gefensa ya binne tsohon tulu har wuya, ya rufe bakin da faifan dutse. Sau ɗaya a mako, bayan magariba, yake cika tulun da ruwan alwalar da ya tara. Ruwan na tsattsafowa a hankali ta jikin yumɓu, can ƙasa inda rana ba ta kai ba. Ya ce idan ka jiƙa sama, saiwa ta zauna a sama tana jiranka; idan ka jiƙa ƙasa, ta bi ruwa ta gangara. Shekara ta biyu ya koma cika tulun sau biyu a wata. Ta uku ya bari sai a tsananin bazara. Bayan nan ya fasa tulun ya ce an yaye ta.

Daga baya na fahimci cewa abin da ya yi yana da shaida a tarihin yankin. Iccen nan na Tenere da ya yi suna a duniya, wanda wata babbar mota ta kaɓe a 1973 aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, dangin kandili ne. Da aka haƙa rijiya kusa da shi a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarsa ta kai ga ruwa a zurfin fiye da mita 30. Ba wanda ya taɓa riƙe masa tiyo. A kudu ma darasin ɗaya ne. Bayan an kashe kuɗi da yawa kan dashen itatuwan da ba su rayu ba, daga 1983 manoman yankin Maraɗi, tare da Tony Rinaudo, suka koma ga renon tohon da ke fitowa daga kututturan gawo da kalgo da sabara a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5. Arlit ba ta da daminar Maraɗi, kada kowa ya yi tsammanin irin wannan adadi. Amma a nan ma, tohon da ya fito da kansa a bakin ƙorama ya fi cancantar a kare shi daga akuya fiye da ɗan leda da aka ɗauko daga nesa.

Batun ruwan bai tsaya ga yawansa ba. Tun 2003 ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen ta gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa suka auna ruwa da ƙasa. A 2010 Greenpeace ta fitar da rahoton da ya ce kamfanonin biyu sun yi amfani da lita biliyan 270 na ruwa cikin shekara 40, kuma huɗu daga cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗauka sun wuce ƙa'idar yuraniyom ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta kuma gano wurare a titunan Akokan da aka cike da duwatsun rami masu tururin guba. Areva, wadda ta koma Orano a 2018, ta musanta cewa aikinta na cutar da jama'a. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, akwai abin da ya shafi malami kai tsaye: duwatsun da za a kewaye icce da su, da ƙasar da za a cike rami, a ɗauko su daga ƙorama, kada a ɗauko daga tarin da ba a san asalinsa ba. Hannun yara ne zai taɓa su.

Ranar 31 ga Maris 2021 COMINAK ya rufe, bayan ya fitar da tan dubu 75 na yuraniyom, ya bar tarin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 da ake aikin rufewa. Ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila. Aka tsara miƙa gidajen site da ruwansu da wutarsu ga hukumomin ƙasa. A watan Yuni na 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Mai rami na iya canzawa, amma ruwan da ke ƙarƙashinmu ba ya ƙaruwa don an sauya tuta a bakin ƙofa. Na ziyarci wani tsohon abokina a Akokan bayan rufewar. A gidajen da masu su suka koma Tawa da Damagaram, na ga dogon yaro ya fara bushewa daga sama. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ba ina cewa dogon yaro abokin gaba ba ne. Mai famfo a gida, wanda ruwan wanke-wanke ke gangarawa gindin icce, ya ci gaba da shan inuwarsa. Itatuwan ƙasar nan ma suna da aibinsu: ba sa saurin girma, inuwar kandili ba ta da kauri, ƙayar aduwa kuwa ta sa iyaye mata sun zo mini da ƙara ba sau ɗaya ba. Maganin wannan shi ne a sa masu ƙaya a gefen shinge inda za su tare iska da yashi, a sassabe rassan ƙasa, a sa jiga kusa da aji tunda ba ta da irin wannan ƙaya kuma tana riƙe ganye har a rani. Magarya da goriba a bar su ga wurin da ruwa ke kwanciya idan ƙorama ta kawo.

Abin da zan roƙi malamai a Arlit da Akokan shi ne a yi bikin 3 ga Agusta, amma a ajiye shuka sai Oktoba ko Nuwamba, lokacin da yara suka dawo, zafi ya sauka, icce ya samu watanni kafin bazara. Kada a ƙirga abin da aka dasa, a ƙirga abin da ya kai shekara uku. Icce biyar da aji zai iya riƙewa da ruwan alwala sun fi hamsin na ranar jawabi. Iyaye kuma, kafin ku karɓi ɗan icce a leda, ku tambayi mai bayarwa ko irin wanda ake yayewa ne. Akwai dattawa a unguwanninmu da suka san sunan kowane icce na wannan ƙasa da inda yake so. A gayyato su aji tun suna raye.

Gardin nan ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa. Zuwana na ƙarshe na leƙa tsohuwar lakwal ɗin. Daga layi biyun da na dasa ko kututture babu. Aduwar bayan aji kuwa ta fi rufin tsawo, wata mai sayar da ƙosai ta kafa kaskonta a gindinta, yara suna jifan ƴaƴan da takalmi. Na tambayi wani daga cikinsu wa ke ba ta ruwa. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba, ai wannan ba a ba ta ruwa."